Kuɗin Tura Kuɗi: Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Kwantiragi a Birtaniya

Ka yi aikin wata guda cur. Manajan wurin ya sa hannu a takardar sa'o'inka, ka aika da takardar neman biya. Da kuɗi ya shigo sai ka ga ya gaza. Ka duba bayanin da aka turo maka, can ƙasa ga wani ɗan layi: kuɗin gudanarwa, ko kuɗin tura kuɗi, ko wani suna mai kama da haka. Wato kamfanin dillancin aikin da ya haɗa ka da mai aiki, kamfanin da kake yi wa aikin ke nan, ya caje ka saboda ya miƙa maka abin da yake naka.

Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi masu aikin kwantiragi ta hannun dillalan aiki a Birtaniya. Dokokin da aka ambata na Ingila ne da Wales da Scotland. Ireland ta Arewa tana da nata masu kama da su. Ba zan ɓoye inda na tsaya ba: wanda ya yi aiki bashi yake bi, kuma ba a cajin mai bin bashi ladan biyan sa.

Wane irin kuɗi ne wannan, kuma ta wace fuska yake zuwa?

Ba shi da suna ɗaya. Wani dillali yakan cire adadi tsayayye duk sanda ya biya, a ce fam 5 ko fam 10. Wani kaso yake ɗiba, kashi 1 ko 2 cikin ɗari na kowace takardar neman biya. Wani ba ya cirewa da hannunsa, sai ya ce dole takardunka su bi ta wata manhaja, manhajar ce kuma ke caji. Akwai masu cewa biyan wata-wata kyauta ne, amma mai son mako-mako sai ya biya. Sannan ga abin da kamfanin laima (umbrella company), mai shiga tsakaninka da dillali wajen biya, ke riƙewa, wanda labarinsa daban ne, za mu zo kansa.

A cikin duk waɗannan, tambaya ɗaya ce ke raba su gida biyu: in ka ce ba ka so, akwai hanyar da za a biya ka cikakken kuɗinka a kan lokaci ba tare da an cire komai ba? In akwai, hidima ce aka tallata maka. In babu, an rage maka farashin aikinka ne ta ɓarauniyar hanya.

Ai dillali da la'ada yake ci. Ina laifi in ya cire tasa?

Babu laifi a la'ada, kuma ya riga ya ci ta kafin kuɗi ya iso gare ka. A ɗauki misali: kamfanin da kake yi wa aiki yana biyan dillali fam 460 a kowace rana, dillali ya ba ka fam 400, fam 60 nasa ne. Daga cikin wannan 60 yake biyan ma'aikatansa da hayar ofis da inshora da manhajar lissafi da cajin banki, abin da ya saura ribarsa ce. Lissafa kuɗin 'yan kwantiragi da tura musu yana cikin abin da mai aiki ya saya a wurinsa. Hasali ma yana daga manyan dalilan da ke sa kamfanoni bi ta dillali maimakon su ɗauki mutum kai tsaye: ba sa son wahalar biyan mutum ɗari a ɗaiɗaice, sun fi son takarda ɗaya a wata. To in dillali ya karɓi ladan wannan aiki a wurin mai aiki, ya juyo ya sake karɓa a wurinka, ya ci tudu biyu ke nan.

Dalilin da ya sa hakan ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Dillalai suna gasa wajen rage wa manyan kamfanoni la'ada domin su samu ciniki. Babban kamfani yana da sashen saye da lauyoyi masu bin kowane layi na yarjejeniya. Ɗan kwantiragi kuwa shi kaɗai ne, yana sauri ya fara aiki ranar Litinin. Abin da aka rasa a sama sai a neme shi a ƙasa, a wurin wanda muryarsa ba ta da ƙarfi. Zaman kashin dankali ne, kuma shi ya sa abin ke ci mini rai.

Sun ce tura kuɗi yana ci musu kuɗi. Ƙarya ce?

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma an kumbura ta. A cikin Birtaniya yawancin albashi ta tsarin Bacs yake bi, wanda ke ɗaukar kwanakin aiki 3, ko ta Faster Payments da aka fara a 2008, wanda ke isa nan take ko kusa da haka. Abin da kamfani ke biyan banki a kan kowane aike ta waɗannan hanyoyi ɗan kaɗan ne. CHAPS, mai isar da manyan kuɗi a rana guda, shi ne ke da caji mai ɗan nauyi, kuma ba safai ake buƙatarsa wajen biyan ɗan kwantiragi ba. Ka kuma lura cewa wahalar tura fam 8,000 ba ta fi ta tura fam 800 ba, don haka cajin da ke tafiya da kaso ba shi da alaƙa da abin da aiken ya ci.

Nauyin gaske a kan dillali shi ne tazarar lokaci. Yana biyan ka bayan mako ɗaya ko wata ɗaya, shi kuma mai aiki ba ya biyan sa sai bayan kwana 30 ko 60, wani lokaci fiye. Dillalai da yawa suna cike wannan giɓi da rance daga kamfanonin da ke karɓar takardun bashi a matsayin jingina, kuma rancen ba kyauta ba ne. Wannan gaskiya ne. Sai dai jarin sana'arsa ne. Shi ya amince wa mai aiki da kwana 60, ba da shawararka ba.

Me doka ta ce?

Tushen yana cikin Dokar Kamfanonin Dillancin Aiki ta 1973. Sashe na 6 ya hana dillali nema ko karɓar kuɗi, kai tsaye ko ta bayan fage, daga mai neman aiki a matsayin ladan samo masa aiki, kuma saɓa wannan laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. An ware 'yan sana'o'i, kamar 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙa da masu tallan tufafi, inda wakili ke iya karɓar kaso daga abin da ya samo musu.

A kan wannan doka aka ɗora Ƙa'idojin Gudanar da Dillancin Aiki na 2003. Sun yarda dillali ya sayar maka da wasu hidimomi na daban, kamar horo ko abin hawa zuwa wurin aiki ko masauki, amma da sharuɗɗa. Ƙa'ida ta 5 ta hana shi cewa ba zai samo maka aiki ba sai ka sayi hidimar. Dole ne ka iya janyewa da sanarwar kwanakin aiki 5, ko 10 in masauki ne, ba tare da an hukunta ka ba. Ƙa'ida ta 13 kuma ta wajabta masa ya sanar da kai cajin a rubuce tun kafin ya fara hidimar: nawa ne, na mene ne, kuma yaushe ake mayarwa.

To cajin biya fa? Ya halatta ko bai halatta ba?

Ya danganta da yadda kake aiki da kuma ko cajin na dole ne.

In dillali ne ke biyan ka albashi ta tsarin PAYE, inda ake cire haraji tun daga tushe, kana da kariya mai ƙarfi. Bayan dokar 1973, sashe na 13 na Dokar Haƙƙin Ma'aikata ta 1996 ya ce ba a cire komai daga albashi sai da ɗaya daga abu uku: doka ce ta umarta, kamar haraji, ko an rubuta a kwantiraginka, ko ka ba da izini a rubuce tun kafin a cire. Ko da an rubuta a kwantiragi ma ba a tsira ba, domin cajin da babu makawa sai ka biya kafin ka karɓi ladan aikin da aka samo maka, da wuya a raba shi da ladan samo aiki da sashe na 6 ya hana. Sauya masa suna ba ya sauya abin da yake.

In kuwa da kamfaninka mai rajista kake aiki, kai ke aika takardar neman biya, to hulɗar ta zama ta kamfani da kamfani, kuma abin da ke cikin kwantiragi ya fi komai nauyi. Cajin da ba ya cikin yarjejeniya ba shi da tushe: an biya ka ƙasa da abin da kake bi, ragowar bashi ne. Cajin da ke ciki kuma ka sa hannu, jayayya a kansa ta fi wuya, musamman in ka janye daga kariyar Ƙa'idojin 2003.

Mene ne wannan janyewar? An turo mini takardarta tare da kwantiragi.

Ƙa'ida ta 32 ta ba wanda ke aiki ta kamfani damar cewa ba ya son kariyar ƙa'idojin. Dole kamfanin da mutumin da zai yi aikin duka su ba da sanarwa, kuma kafin a gabatar da shi ga mai aiki ko a tura shi. Wanda ke aiki da yara 'yan ƙasa da shekara 18 ko marasa lafiya da tsofaffi masu buƙatar kulawa ba shi da wannan dama. Dillali kuma ba shi da ikon cewa ba zai nemo maka aiki ba sai ka janye, ko da yake a aikace sukan haɗa takardar da sauran takardu kamar dai dole ce.

Wasu 'yan kwantiragi suna janyewa don su nuna wa hukumar haraji cewa su 'yan kasuwa ne na gaske, ba ma'aikata ba. Amfanin hakan a wajen haraji ɗan ƙanƙani ne, domin yadda ake gudanar da aikin a zahiri ake dubawa. Abin da ka saki kuwa babba ne, kamar yadda tambaya ta gaba za ta nuna.

Sun ce ba za su biya ni ba sai mai aiki ya biya su. Suna da wannan iko?

In ba ka janye ba, ba su da shi. Ƙa'ida ta 12 ta hana dillali riƙe kuɗin aikin da ka riga ka yi saboda mai aiki bai biya shi ba. Ta kuma hana shi riƙewa don kawai babu sa hannu a takardar sa'o'i, ko da yake yana iya bin wata hanya ya tabbatar ka yi aikin. Wannan ita ce kariya mafi daraja a cikin ƙa'idojin, kuma ita ce ta farko da ke tafiya in ka janye.

Tana da alaƙa da batun caji ta wata fuska da mutane ba sa lura. Wasu dillalai sukan fara da cewa biya sai kuɗi ya zo, sannan su tallata maka mafita: ka ba da kaso kaza, a biya ka ba jira. Su suka ƙulla matsalar, su ke sayar da maganinta.

Akwai takardar da ya kamata ta nuna mini duk abin da za a cire?

Akwai. Tun daga 6 ga Afrilu 2020 wajibi ne dillali ya ba sabon ma'aikaci takardar muhimman bayanai, wadda ake kira KID, kafin a ƙulla yarjejeniya. Tana faɗin wanda zai biya ka, mafi ƙarancin kuɗin da za ka samu, lokutan biya, abin da doka ta ce a cire, duk wani caji da ba na doka ba, haƙƙin hutu, da misalin lissafi daga kuɗin farko zuwa abin da zai shiga asusunka. Janyewa daga sauran ƙa'idoji ba ta soke wannan. In ba a ba ka ba, ka nema. In an cire maka abin da ba ya cikinta, ka riƙe ta da kyau, hujjarka ce.

Ta kamfanin laima ake biya na, kuma abin da ake cirewa ya fi ƙarfin ganewata. Wanne ne na gaskiya?

A nan aka fi rikicewa, don haka bari mu bi a hankali.

Kamfanin laima shi ne wanda ke shiga tsakanin dillali da kai, ya ɗauke ka a matsayin ma'aikacinsa, ya karɓi kuɗi daga dillali, ya cire haraji, ya biya ka. Sun daɗe, amma sun yawaita ne bayan sauye-sauyen dokar harajin IR35, wadda ke tantance ko wanda ke aiki ta kamfaninsa ma'aikaci ne a wajen haraji. An kafa ta a 2000. A Afrilun 2017 aka ɗora wa ma'aikatun gwamnati alhakin tantance matsayin harajin ɗan kwantiragi, a Afrilun 2021 aka faɗaɗa zuwa matsakaita da manyan kamfanoni masu zaman kansu. Da yawa daga cikinsu, don gudun kuskure, sai suka daina hulɗa da kamfanonin 'yan kwantiragi, suka ce kowa ya bi ta laima.

Adadi biyu ne a wannan tsari, kuma yawancin ɓacin rai daga cakuɗa su yake. Na farko shi ne kuɗin da dillali ke biyan kamfanin laima. Wannan ba albashinka ba ne tukuna. Daga cikinsa ake fitar da nauyin da ke kan mai ɗaukar ma'aikaci: kasonsa na inshorar ƙasa (National Insurance), wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari daga 6 ga Afrilu 2025 bayan ya kasance 13.8; harajin koyon sana'a na kashi 0.5 da ke kan kamfanonin da jimillar albashinsu ta wuce fam miliyan 3 a shekara; kasonsa na fansho, aƙalla kashi 3; kuɗin hutu; sai ladan kamfanin laimar kansa. Abin da ya rage shi ne adadi na biyu, albashinka kafin haraji. Daga shi ake cire harajin kuɗin shiga da naka kason na inshorar ƙasa da na fansho.

Doka ta hana cire kason inshora na mai ɗaukar ma'aikaci daga albashin ma'aikaci. Saboda haka in aka ce maka albashinka fam 300 ne a rana, sannan ka ga an fitar da wannan kaso daga cikin 300 ɗin, akwai magana. In kuwa tun farko an bayyana cewa 300 shi ne abin da za a biya kamfanin laima, lissafin ya halatta, sai dai ya kamata adadin ya fi wanda za a ba mai PAYE kai tsaye, domin ya ɗauki wannan nauyi. Duk sanda aka faɗa maka farashi, ka tambaya: wanne daga cikin biyun?

Ladan kamfanin laima galibi adadi ne tsayayye a mako ko a wata, kuma shi kaɗai ne ya kamata ya bambanta tsakanin kamfani da kamfani, tunda haraji ɗaya ne ga kowa. Bayan shi bai kamata a ga wani cajin tura kuɗi ba, don tura kuɗin shi ne aikin da ladan ya biya. Ka sa ido sosai a kan kuɗin hutu. Doka ta ba ma'aikaci mako 5.6 a shekara, wanda ake lissafawa da kashi 12.07 cikin ɗari na albashi. Wasu kamfanoni suna haɗa shi da kowane biya, wasu suna tara maka. Wanda ake tarawa shi ne ke salwanta, in shekara ta juya ko ka bar kamfanin ba ka nema ba.

Dillali ya ce dole in zaɓi kamfanin laima daga jerin nasa. Me ya sa?

Dalili biyu ne, ɗaya mai kyau, ɗaya ba shi da kyau. Mai kyan shi ne dillali yana tsoron kamfanonin da ke maguɗin haraji, don haka yana tantancewa. Wannan tsoro ya ƙaru tun da gwamnati ta sanar a kasafin kuɗin Oktoban 2024 cewa daga Afrilun 2026 dillalai za su ɗauki alhakin harajin PAYE na ma'aikatan da suka bi ta laima. Ɗayan dalilin shi ne wasu kamfanonin laima suna ba dillali lada a kan kowane mutum da ya tura musu, kuma wannan lada daga ladan da ake cire maka yake fitowa. Ka tambaya kai tsaye ko suna karɓar wani abu, ka kuma tambaya ko suna da tsarin biyan PAYE na kansu wanda babu laima a ciki.

Wani ya ce zai bar mini kashi 90 cikin ɗari na kuɗina. In koma can?

Kada ka je. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu yadda mai samun kuɗi mai kauri zai tsira da wannan kaso bayan haraji na gaskiya. Abin da suke yi shi ne su biya ka ɗan albashi, sauran su kira shi rance ko wani suna da ba a cire masa haraji. Hukumar haraji ta HMRC ba ta yarda da wannan ba, kuma harajin da ta ɗora a kan irin waɗannan rance a 2019 ya jefa dubban mutane cikin bashin shekaru, bayan masu shirya dabarar sun ci kasonsu sun yi gaba.

Biyan gaggawa fa? Ni na nema da kaina.

Wannan yana cikin rukunin zaɓi, muddin akwai ranar biya ta asali da ba a caji. Amma ka yi lissafi kafin ka saba da shi. In aka cire kashi 3 cikin ɗari don a biya ka kwana 30 kafin lokaci, a takardar fam 8,000 ka bar fam 240. Ka maimaita haka kowane wata, tamkar ka ci bashi ne a kan kusan kashi 36 cikin ɗari a shekara, kuma bashin daga kuɗinka ne. Sau ɗaya, don wata larura, babu komai. Abin lura shi ne dillalin da ya tsawaita lokacin biya daga kwana 14 zuwa 45, a daidai lokacin da ya fito da tsarin gaggawa.

Fam biyar ne kawai a mako. Ya kai a tayar da magana?

Ya kai. Da yayyafi kogi ke cika. Fam 5 a mako 48 fam 240 ne. Ga mai fam 400 a rana, kwana 20 a wata, cajin kashi 2 cikin ɗari fam 160 ne a wata, fam 1,920 a shekara, kusan aikin kwana biyar kyauta. A ɓangaren dillali kuma, ka ninka wannan da yawan mutanen da ke hannunsa. An ƙanƙanta cajin ne daidai yadda kowa zai ji nauyin yin magana a kansa.

Waɗanda abin ya fi cutarwa su ne masu ƙaramin albashi, ma'aikatan rumbunan ajiya da masu kula da marasa lafiya da masu shara. A nan akwai wata kariya: kuɗin da mai ɗaukar ma'aikaci ya cire don amfanin kansa ana rage shi daga albashi wajen lissafin mafi ƙarancin albashi na ƙasa. In cajin ya sauke ka ƙasa da wannan layi an karya doka, ko da ka sa hannu, kuma HMRC ce ke bin wannan.

Birtaniya ce kaɗai ke da wannan ra'ayi?

A'a. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta daɗe a kan batun. Sanarwar Filadelfiya ta 1944 ta ce aiki ba haja ba ne. Yarjejeniya mai lamba 181 ta 1997 kan dillalan aiki masu zaman kansu ta ce a sashe na 7 kada su caji ma'aikata wani kuɗi, kai tsaye ko a kaikaice, duka ko wani ɓangare, sai a 'yan wuraren da hukumar ƙasa ta keɓe don amfanin ma'aikatan kansu. Yarjejeniyar tana ɗaure ƙasashen da suka rattaba mata hannu ne kawai, amma ita ce ma'aunin da ake komawa gare shi.

Ina wata ƙasa, ina yi wa kamfanin Birtaniya aiki ta intanet. Cajin aike zuwa waje ai na gaske ne?

Na gaske ne, don haka sai a fayyace wa zai ɗauka. A aiken SWIFT, tsarin da bankuna ke aika kuɗi tsakanin ƙasashe, akwai zaɓi uku: OUR, mai aikawa ya biya duka, SHA, a raba, BEN, a cire duka daga mai karɓa. Bankunan da kuɗin ke ratsawa a hanya su ma sukan ɗiba. A rubuta zaɓin a kwantiragi. Amma babbar asarar sau da yawa a canji take. In dillali ne ke juya fam zuwa kuɗin ƙasarka a farashin da ya ga dama, zai iya cin kaso mai yawa ba tare da wani layi ya bayyana a takarda ba. Ka nemi a biya ka da kuɗin da aka ƙulla yarjejeniya da shi, kai ka zaɓi inda za ka canza. Ka kuma duba dokar wace ƙasa ce ke mulkin kwantiragin, don ita za ta nuna inda za ka kai ƙara.

Me zan yi kafin in sa hannu?

Tun ran gini ran zane. Ƙarfinka ya fi yawa a tsakanin ranar da mai aiki ya ce kai yake so da ranar da ka sa hannu, domin a lokacin dillali ma la'adarsa tana rataye da kai. Ka aika saƙon imel mai layi ɗaya: in na yi kwana 20 a wata, nawa ne daidai zai shiga asusuna, kuma me za a cire? Ka karanta sashen biya da duk wata takarda da kwantiragin ya ce tana cikinsa, don a can ake ɓoye caji. Ka lura da sharaɗin da ya ba su ikon sauya tsari da sanarwa kawai. In ka ga caji, ka ce a soke shi. In sun ce tsarin kamfani ne ba ya sokuwa, ka ce a ƙara farashin ranarka daidai da shi. Alƙawarin da aka yi a waya kuma, ka sa a maimaita shi a rubuce.

An riga an cire. Ta yaya zan karɓo?

Ka fara da rubutu, cikin ladabi, ga sashen lissafi, ka sa wanda ya samo maka aikin a kwafi. Ka ambaci ranaku da adadi, ka tambayi wane sashe na kwantiragi ya ba da izini, ka ce ba ka amince ba, ka ba da wa'adin kwana 14. Faɗin rashin amincewar yana da muhimmanci: in ka yi shiru wata shida kana karɓar ragaggen kuɗi, za su ce ka yarda.

In ba su mayar ba, ma'aikacin PAYE ko na laima sai ya tuntuɓi ACAS, hukumar sasanta rikicin aiki. Sai an bi ta wurinta kafin a je kotun ma'aikata, kuma kyauta ne. Kada ka yi jinkiri: wa'adin da aka daɗe ana aiki da shi wata uku ne ba kwana ɗaya daga ranar cirewa ta ƙarshe. Mai kamfani kuwa bashi zai bi a kotun farar hula, inda ƙananan ƙararraki ke kaiwa fam 10,000 a Ingila da Wales, fam 5,000 a Scotland. Dokar Jinkirin Biyan Bashin Kasuwanci ta 1998 ta ba shi damar neman diyya tsayayya ta fam 40 ko 70 ko 100 gwargwadon girman bashin, da kuɗin ruwa na kashi 8 a kan ma'aunin kuɗin ruwa na Bankin Ingila. Wanda ba ya karɓar ruwa sai ya bar wannan ɓangare ya nemi asalin kuɗinsa.

Bayan haka ka kai rahoto ga hukumar gwamnati mai sa ido kan dillalan aiki ta shafin GOV.UK. Tana da ikon bincike da gurfanarwa, har da neman kotu ta hana mutum sana'ar dillancin aiki tsawon shekara 10. Rahotonka yana iya zama silar da za a duba takardun duk waɗanda aka yi wa irin abin da aka yi maka.

Ina tsoron in na yi magana su daina ba ni aiki.

Tsoron yana da tushe, ba zan ce ba shi da shi ba. Dillali yana iya daina kiran mutum ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma mai iyali da haya a kansa dole ya auna. Amma ka tuna cewa kai ne ke kawo masa kuɗi: duk ranar da kake wurin aiki yana cin la'ada, kuma da wuya ya yarda ya rasa fam 60 a rana saboda fam 10 a mako. In manajan da kake yi wa aiki yana jin daɗin aikinka, ka sanar da shi a hankali. Kamfanoni da yawa ba su san ana cire wa mutanensu komai ba, kuma wasu yarjejeniyarsu da dillali ta hana hakan. In kuna da yawa a hannun dillali ɗaya, ku rubuta tare, ko ta ƙungiyar ƙwadago in kuna da ita.

In duk da haka ka ga ba za ka iya ja da su yanzu ba, ka aika imel ɗaya na rashin amincewa, ka adana kwantiragi da takardar KID da kowace takardar albashi. Wa'adin kotun ma'aikata gajere ne, zai iya wuce ka, amma ƙarar saɓa kwantiragi a kotun farar hula tana da shekara 6 a Ingila da Wales, shekara 5 a Scotland, don haka kana iya nema bayan aikin ya ƙare.